Darasi Na Goma Sha Biyu: Raba Ruwa Da Hasken Rana

Karanta wannan bayani da kyau, sannan ka amsa tambayoyin da ke ƙasa.

Ruwa haɗin sinadarai biyu ne: haidirojin da oksijin. Idan aka raba su, haidirojin yakan zama makamashi mai tsabta, domin in ya ƙone ruwa yake bari, ba hayaƙi ba. To, amma rabawar tana buƙatar ƙarfi. Shin hasken rana zai iya wannan aiki?

A shekarar 1972, masana biyu 'yan ƙasar Japan, Akira Fujishima da Kenichi Honda, sun nuna cewa zai iya. Sun tsoma faranti biyu cikin ruwa, suka haɗa su da waya. Ɗaya na filatinam ne, ɗayan kuma na titaniyam dayoksaid, wanda semikondakta ne. Da haske ya sauka a kan semikondaktan, sai oksijin ya fito a jikinsa, haidirojin kuma ya fito a jikin filatinam.

Ana auna ingancin faranti da wannan tambaya: cikin ƙarfin ranar da ya sauka a kansa, kashi nawa ne ya koma haidirojin? Titaniyam dayoksaid yana da ƙarko cikin ruwa, amma abin da yake iya sha na hasken rana bai wuce kashi biyar cikin ɗari ba. A 1998, Oscar Khaselev da John Turner a Amurka sun ɗora wani semikondakta a kan wani, suka sami inganci na kashi 12.4 cikin ɗari. Sai dai irin nasu yana da tsada, kuma ruwa yana cin sa. Gaba kura ke nan, baya sayaki.

Akwai kuma matsalar girma. Kafin a sami haidirojin mai yawa, sai an jera faranti masu yawa, kuma inganci yakan ragu idan fili ya ƙaru. Saboda haka har yau masana suna neman farantin da ya haɗa inganci da ƙarko da araha.

Ma'anar Kalmomi
makamashi: abin da ke ba da wuta ko ƙarfi
semikondakta: abin da lantarki ke ratsawa kaɗan, ba kamar ƙarfe ba
ƙarko: daɗewa ba tare da lalacewa ba

Tambayoyi
1. Me ya sa ake kiran haidirojin makamashi mai tsabta?
2. Yaya ake auna ingancin faranti?
3. Bayyana ma'anar karin maganar da ke cikin bayanin.