Ba aljanu ba ne, ƙawarta muka raba ta da ita

Shekara 14 ke nan ina riƙe da aji a firamare a nan Wudil, amma abin da ya sami wata yarinyata 'yar aji 5 a zangon da ya wuce har yau yana ci mini rai, don da hannuna a ciki.

Tun aji 2 benci ɗaya suke zama da ƙawarta, 'yar masunta ce daga bakin kogi. Fensir ɗaya sai su karya shi biyu. Wata Juma'a, ranar da kasuwa ke ci, uwar yarinyar, Hajiya, ta hango ƙawar kusa da gada da farantin soyayyen kifi a ka, 'yarta na biye da ita suna ta dariya. Litinin da sassafe sai ga ta a makaranta. "Malama, a raba mini su. Ba na son ta kwaso warin kifi da halin 'yan talla." Na yi shiru na sauya wurin zama, na haɗa yarinyar da wasu 'ya'yan manya su huɗu, yadda Hajiya ta so.

Ba a yi sati uku ba yarinyar ta soma ciwon ciki kullum da safe. Yarinyar da ke rige-rigen ɗaga hannu ta koma kifa kai a tebur. Aka kai ta kemis, yaron shago ya ba da maganin tsutsa har sau biyu, ya ƙara da allura, ko tambayarta bai yi ba. Daga nan sai wani mai magani, irin masu lasifika a kan mota, ya ce shafar aljanu ce, wai ta bi ta bakin ruwa da magariba. Aka yi ta turara ta da hayaƙi, kuɗi suka tafi.

Ni kuwa a lokacin tara na ga aljanun da idona. Tana tsaye gaban mai awara, jakunkuna huɗu rataye a kafaɗarta, ta miƙa naira 200 ɗinta, 'ya'yan manyan nan suka cinye, ko yanka ɗaya ba ta taɓa ba. Na ja ta gindin darbejiya. Da ƙyar ta ce, "Malama, in ban saya musu ba, ba mai yi mini magana."

Iyaye, ku daina ƙirga wa yaro abokai. Guda ɗaya mai rufa masa asiri, wanda za su yi faɗa su shirya kafin a tashi, ya fi goma masu tatsarsa. Ko masu binciken jami'ar Harvard ta Amurka, da suke bin rayuwar wasu mutane tun 1938, kyawun dangantaka suka gano shi ne kan gaba wajen jin daɗin rayuwa. Kuma ku daina zaɓa wa yaro aboki da motar ubansa. Ciwon cikin da ke zuwa ranar makaranta ya ɓace ranar Asabar, a je asibiti a duba, amma a tambayi yaron ma. Ba kemis ba, na ce asibiti. Mugun aboki akwai shi, a raba, sai dai a kan hali, ba a kan sana'ar gidansu ba. Mu malamai ma mu rage zaman ofis lokacin tara. Mai lasifika kuwa, Allah ya isar wa yaran nan.

Na kira Hajiya na gaya mata abin da na gani. Ba ta ji daɗi ba, ta dai ce in yi yadda na ga dama. Na mai da yarinyar da ƙawarta bencinsu, cikin sati biyu ciwon ya tafi ba magani.

Don Allah yau in ɗanki ya dawo, kafin ki buɗe jakarsa, tambaye shi da wa ya ci kuɗin tararsa.