Yatsun Ruwa A Cikin Dutse

Lokacin da aka tura ni gwajin koyarwa, ina ba aji shida darasi a kan koguna na ƙarƙashin ƙasa, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in ruwa ne ke cin dutse, don me bai cinye shi bai ɗaya ba, sai ya yi rami nan, ya bar can?" Na yi shiru, kunya ta kama ni. Don kada abin ya sami waninmu, ga abin da na binciko.

Da fari sai mu sani ba kowane dutse ne a cushe ba. Waɗansu suna da ƙofofi ƙanana ƙwarai kamar soso, ruwa na bi ta ciki sannu sannu. Wani Bafaranshe, Henry Darcy, shi ya auna irin wannan tafiyar ruwa a garin Dijon, ya bayyana ƙa'idarta a 1856.

Na biyu, ruwan sama yakan sha iskar kabon daga sarari da kuma cikin ƙasa, ya ɗan yi tsami. Tsamin nan bai kai harshe ya ji ba, amma ya isa ya narkar da dutsen farar ƙasa, watau irin wanda ake siminti da shi a Ewekoro da Ashaka.

To, ga inda amsar yaron take. Ƙofofin dutse ba girmansu ɗaya ba. Wadda ta ɗan fi faɗi ta fi samun ruwa. Da yake ta fi samun ruwa, ta fi samun tsami, sai ta ƙara ciwuwa, ta ƙara faɗi, ta ƙara jan ruwa. Lissafin kuwa da ban mamaki: in aka ninka faɗin siririn bututu sau biyu, ruwan da zai wuce ya ninka sau 16. Saboda haka ƙofar da ta riga ta yi gaba sai ta ƙwace rabon maƙwabtanta, su tsaya, ita ta yi ta kutsawa. Maimakon ruwa ya tafi sahu ɗaya, sai ya miƙa kamar yatsun hannu, waɗansu dogaye, waɗansu gajeru. Haka kwazazzabo ke somawa a gona, daga 'yar hanyar da ruwa ya fara bi.

Saurin ruwan ma yana da hannu. In ya cika sanyin tafiya, tsaminsa zai ƙare tun a bakin dutsen. In ya cika gudu, zai bazu ko'ina, ya ɗan lashi kowace ƙofa. A tsakani ne yatsun suka fi tsawo. A 1987 wani masani, Daccord, ya tura ruwa cikin curin filasta, ya sami ramuka masu rassa kamar saiwar itace.

Abin nan yana da amfani, yana kuma da haɗari. Masu haƙar man fetur sukan ɗura asid cikin rijiya da gangan, don ya huda musu hanyoyin da mai zai biyo. Herman Frasch ya yi rajistar dabarar a Amurka tun 1896. Kogon Mammoth na Jihar Kentaki, wanda hanyoyinsa da aka auna suka wuce mil 400, ruwa ne ya sassaƙa shi haka cikin shekaru masu ɗimbin yawa. Amma madatsar ruwa ta Mosul a Iraƙi, wadda aka fara ginawa a 1981, a bisa dutse mai narkewa aka kafa ta. Ruwa ya yi ta cin ƙarƙashinta, sai da aka shekara da shekaru ana ɗura siminti cikin ramukan, don tsoron kada ta fashe a kan birni.

Ga yadda za ku nuna wa yara. Ku sa ɓawon ƙwai ko na katantanwa cikin kofin gilashi, ku matsa lemon tsami a kai, su ga kumfa na tashi. Kada ku dogara ga allin makaranta, gama da yawansa ba ya kumfa, sai ku ji kunya gaban aji. Sa'an nan ku fita da su waje, ku tara tsibin yashi, ku riƙa tsiyaya ruwa da buta a kansa a hankali. Ku bar su su faɗi da bakinsu wace hanya ce ta rinjayi sauran, da dalili. Ku tuna musu cewa a yashi ƙarfin ruwa ne ke kwashe ƙwayoyi, a dutse kuwa tsami ne ke narkarwa.

Ni dai na koma ajin nan ranar Litinin da ƙwai da lemo a aljihu. Yaron da ya yi tambaya shi na ba butar.