Motar Zamani Da Ɓarawon Da Ba A Gani

A da, ɓarawon mota sai ya zo da ƙafarsa ya ɓalle ƙofa. Motocin zamani kuwa, masu shan mai da masu aiki da lantarki, suna ɗauke da ƙananan kwamfutoci waɗanda ke sarrafa birki da inji da makulli. Da yawa daga cikinsu an haɗa su da intanet, kuma hanyar da saƙo ke bi ya fita, ita ce mugu ke bi ya shiga.

An riga an tabbatar da haka. A shekarar 2015 a Amurka, masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka shiga kwamfutar wata Jeep Cherokee daga nesa, tana cikin tafiya, suka hana ta gudu. Wannan ya sa kamfanin Fiat Chrysler ya kira motoci miliyan 1.4 domin gyara.

Irin waɗannan motoci sun iso Nijeriya. A 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki wadda aka harhaɗa a Ikko, a 2021 kuma aka buɗe tashar cajin mota a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Ga kuma motocin tokumbo da ke shigowa kullum.

Ga mai bin hanyar Abuja zuwa Kaduna, ko wanda ya ratse a Jere ya nufi Kagarko da Kwoi da Kafanchan, babban haɗarin shi ne mota ta faɗi inda take. Wanda ya sami lambar sirrin manhajarta, ko ta na'urar bin sawu da aka liƙa mata, ya san lokacin tashin mai ita da inda yake yada zango. A hanyar da ta sha fama da masu satar mutane, wannan magana ce ta rai.

Saboda haka ana jan hankalin masu motoci:

1. Wanda ya sayi tsohuwar mota ya tabbata an cire sunan mai ita na farko daga manhajarta.
2. A canja lambar sirrin da na'urar bin sawu ta zo da ita, kada a bar ta a hannun wanda ya ɗaura.
3. Kada a jinkirta sabunta manhaja idan kamfani ya aiko.
4. Kada a bar baƙo ya jona wata na'ura a ƙarƙashin sitiyari.

Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba izini. Wanda ya ga alamar haka ya kai rahoto ga 'yan sanda. Rigakafi ya fi magani.