Zufar Tafin Hannu da Maganin Lantarki: A Fara a Asibiti, a Ci Gaba a Gida

A cikin masu zuwa wurinmu da larurar fata akwai wasu da ba su cika faɗin damuwarsu da wuri ba, sai sun gama kewaye-kewaye sannan su buɗe tafin hannu a ga yana naso kamar yanzu aka tsamo shi daga ruwa. Ɗalibi ne da takardar jarrabawa ke jiƙewa a hannunsa, ko mai ɗinkin hula da allura ke suɓuce masa, ko matashin da na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓarsa wajen rajistar JAMB ko NIN. A ƙasarmu kuwa, inda ba a wuce mutum ba a miƙa masa hannu ba, a ƙofar masallaci ko a kasuwar Sheme, mai wannan larura yana shan kunya kullum, wasu ma su ɗauka tsoro ne ko rashin gaskiya. Larura ce sananniya a likitance. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 ya ƙiyasta cewa kusan mutum 3 cikin 100 na fama da zufar da ta wuce kima. Yawanci tana farawa tun ƙuruciya ko lokacin balaga, tana kama hannu biyu daidai wa daida, tana bin jini a wasu gidajen, kuma tana tsayawa idan mutum ya yi barci.

Akwai hanyar magance ta da ruwa da ɗan ƙaramin lantarki, wadda ake kira ayontoforesis, kuma ba sabuwa ba ce. Tun 1952 Bouman da Lentzer suka bayyana amfaninta, a 1968 kuma wani likitan fata a Amurka mai suna Levit ya fito da na'ura mai sauƙi ta yin aikin. Ana zuba ruwan famfo a faranti biyu, a sa tafin kowane hannu a ɗaya, sai na'urar ta tura wuta mai bin hanya ɗaya, wadda yawanci ba ta wuce miliamfiya 15 zuwa 20, na tsawon minti 20 zuwa 30. Ana yi sau uku ko huɗu a mako. Galibi bayan zama 6 zuwa 15 hannu yake bushewa, kuma rahotannin asibitoci sun nuna kusan mutum 8 cikin 10 suna samun sauƙi. Sai dai sauƙin ba na dindindin ba ne. Wanda ya daina, zufar za ta dawo bayan 'yan makonni, shi ya sa ake ci gaba da zama ɗaya a mako ko a mako biyu.

Wannan maimaicin shi ne dalilin da ya sa nake ganin yin maganin a gida ya dace da mutanen yankinmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa fiye da mazauna manyan birane. Likitocin fata a manyan asibitoci suke, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Malam Aminu Kano, da na Tarayya da ke Katsina. Ba mai hankalin da zai ce wa ɗan Yankara ko ɗan Damari ya riƙa hawa mota sau uku a mako zuwa Zariya saboda zufar hannu, alhali kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan, ga tsadar kuɗin mota. Na'urar kuwa ba ta cin wuta da yawa, akwai ma masu aiki da batir, don haka rashin wutar KEDCO ba zai hana ba. Amma dacewar yin maganin a gida ba ta nufin a gida ake farawa.

Dalili na farko shi ne ba kowace zufa ce irin wannan ba. Wanda zufarsa ta fara da girma, ko take jiƙa duk jiki, ko take tashinsa da dare har ya sake riga, to sau da yawa wata cuta ce take magana. Tarin tibi yana zuwa da zufar dare da rama da tarin da ya kai mako biyu, gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Zazzaɓin cizon sauro, faɗuwar sukari ga mai shan maganinsa, yawan aikin halittar nan ta maƙogwaro da ke kumbura ta zama maƙoƙo, ɗaukewar al'ada ga mata, har da shan tiramadol, duk suna kawo zufa. Mai tibi da ya zauna yana tsoma hannu a ruwa ya ɓata makonnin da ya kamata a ce yana shan magani, yana kuma shafa wa iyalinsa. Ganewar nan ba ta buƙatar zuwa Shika. Likita a babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtua zai iya tantancewa da tambayoyi da ɗan gwaji. Dalili na biyu, akwai waɗanda ba a yi musu wannan magani sam: mace mai juna biyu, mai farfaɗiya, mai matsalar bugun zuciya ko wanda aka dasa wa na'urar daidaita ta, da wanda aka sa wa ƙarfe a ƙashin hannu bayan karaya. Na uku, wasu ba sa ma buƙatar lantarkin. Akwai ruwan shafawa mai sinadarin aluminiyam kuloraid kashi 20 cikin 100, wanda ake shafawa a busasshen hannu da dare a wanke da safe. Da shi ake fara gwadawa, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba.

Na san abin da za a ce: na'urar asali daga waje ake kawo ta, kuɗinta ɗaruruwan daloli ne, alhali a intanet ana nuna yadda mutum zai haɗa tasa da batir da farantan ƙarfe da guntun waya, kuma yankinmu cike yake da matasa masu basirar gyaran sola da waya. Ba na raina basirarsu, kuma maganar tsadar gaskiya ce. Gaskiya ne kuma batir mai bolt 12 shi kaɗai da wuya ya kashe mutum ta fata. Matsalar ita ce batir ba ya auna wutar da ke ratsa jiki. Yawanta ya danganta da kaurin fata, da gishirin da ke cikin ruwan, da ko akwai tsagewa a yatsa, inda wutar ke taruwa ta ƙona. Na'urar asali tana ɗaga wutar a hankali, ta sauke a hankali, tana da iyakar da ba za ta ƙetare ba. Haɗin gida ba shi da ko ɗaya. Idan mutum ya ga bolt 12 bai yi masa ba sai ya ƙara batir, gobe ya jona caja, jibi wani ya ce a gwada da inbata. Wutar inbata da janareto da ta soket bolt 230 ce mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa, hannaye kuma a jiƙe suke, hanyar wutar daga hannu zuwa hannu ta ƙirji take bi. Abin da bai kai miliamfiya 100 ba na irin wannan wuta ya isa ya birkita bugun zuciya. Garin neman gira kada a rasa ido. Maganin tsada shi ne haɗa kai: na'ura ɗaya tana isar mutane da yawa idan ana wanke farantan ana sake ruwa, don haka asibitin ƙaramar hukuma ko ƙungiyar ci gaban gari za ta iya sayen guda a ajiye wurin ma'aikacin da ya san aikin.

Wasu kuma suna cewa me zai hana a yi wanda zai raba mutum da abin gaba ɗaya. Sai dai sauran hanyoyin kowace da tata matsalar. Allurar botoks a tafin hannu tana aiki, amma da zafi da tsada, kuma bayan kamar wata shida sai an sake. Ƙwayoyin hana zufa suna busar da baki, suna rage zufar duk jiki, wanda haɗari ne ga manomi a zafin Afrilu. Tiyatar yanke jijiyar da ke sa hannu zufa tana busar da shi, sai dai da yawa zufar kan koma musu baya da ciki da cinya, kuma ba a mayar da abin da aka yanke.

Ga wanda likita ya amince masa kuma ya samu na'urar kirki: a cire zobe da awarwaro da agogo, a rufe duk wani ɗan rauni da basilin, ruwa ya rufe tafi kawai, kada a fizge hannu wuta na tafiya. Ruwan rijiya ko na burtsatse ya fi ruwan sama, domin aikin yana buƙatar ma'adinan da ke cikin ruwa. Ɗan tsikari da ja da bushewar fata ba abin tsoro ba ne, a shafa mai bayan an gama. Idan ƙuraje masu ruwa suka fito, a dakata a rage ƙarfin wutar.

Iyaye da malamai, idan kun ga yaro yana yawan goge hannu a riga ko littafinsa na jiƙewa, kada a yi masa faɗa, a kai shi asibiti. 'Yan'uwa masu gyaran lantarki kuma, don Allah duk wanda ya zo muku a haɗa masa wannan na'ura, ku ba shi haƙuri ku tura shi wurin likita.