Zuwa ga 'Ya'yanmu na Amurka: Kafin Ku Auri Wanda Aka Taɓa Tiso Ƙeyarsa



Akwai wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa a gidajenmu na Bronx da sauran garuruwan Amurka. Yarinya mai fasfon ƙasar ta samu wanda take so, amma hukuma ta taɓa tiso ƙeyarsa gida. Sai ka ji ana cewa, "Ai da zarar an ɗaura, ta cika masa takardu, ya dawo." Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba haka dokar take ba.

Aure ba ya goge umarnin kora. Fom ɗin I-130 da za ki cika yana tabbatar da cewa mijinki ne, iyakarsa ke nan. Wanda aka kora daga filin jirgi ko kan iyaka, shekara 5 aka haramta masa shigowa. Wanda alƙalin shige da fice ya kora, shekara 10. Kora ta biyu, shekara 20. Wanda aka kama da manyan laifuffuka kuwa, haramcinsa ba shi da wa'adi. Mai son dawowa kafin lokacinsa sai ya nemi izini da fom ɗin I-212. Bayan wannan, tun dokar 1996, wanda ya zauna shekara guda ko fiye ba takarda yana da wani haramcin na shekara 10. Yafe shi sai da fom ɗin I-601, inda za ki nuna cewa rabuwar za ta jefa ki cikin matsanancin ƙunci, wanda ya wuce kewa da kaɗaici. Wanda kuma ya sake shigowa ta ɓarauniyar hanya bayan kora, sai ya cika shekara 10 a waje kafin ma a saurare shi.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Mun saba da waliyyi da wakili su ɗaura aure a masallaci, a raba goro da dabino, amarya tana wata ƙasa. A addini aure ya ɗauru. A dokar shige da ficen Amurka kuwa, auren da ma'aurata ba su halarta tare ba bai zama hujja sai sun sadu bayansa. Idan kuma yana da mata a gida da bai rabu da ita ba, ba za a karɓi aurenki ba.

Ku guji dillalan da ke cewa a sauya suna ko ranar haihuwa a sabon fasfo. Ranar ganawa a ofishin jakadanci na Legas ko Akara, zai ɗora yatsunsa a kan gilashin na'ura, tsohon fayil ɗinsa ya bayyana a gaban jami'in kafin ya gama gaisuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ƙaryar neman biza haramcinta na tsawon rai ne. Auren bogi kuwa yana iya jawo ɗaurin shekara 5 da tarar dala 250,000, har da ke da kika sa hannu.

Ki kuma san nauyin da za ki ɗauka. Fom ɗin I-864 alkawari ne da gwamnati cewa za ki riƙe shi, kuma saki ba ya warware shi. Yana nan a wuyanki har ya zama ɗan ƙasa, ko ya yi aikin kimanin shekara 10, ko ya bar zaman ƙasar. A shekarar 2024, a shari'ar Muñoz, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa tsarin mulki bai ba ɗan ƙasa haƙƙin dole a shigo masa da abokin aurensa ba.

Ban ce ku ƙyamaci wanda aka kora ba. Da yawansu mutanen kirki ne, neman halali ya kai su, takarda ta ƙare musu. Amma yadda kawunnanki za su je unguwarsu su tambayi sallarsa da sana'arsa da asalinsa, haka ya kamata a binciki fayil ɗinsa. Doka ta ba shi damar neman kwafinsa daga hukuma. Ya nema, ku kai wa lauyan shige da fice mai lasisi tun kafin a sa rana. Mai sonki da gaskiya ba zai ɓoye miki wannan ba.

Sannan ki tambayi zuciyarki: idan aka hana shi, zan iya komawa Kano ko Kumasi ko Maraɗi in zauna da shi shekara goma? In amsar i ce, ki yi istihara, ki shiga da ƙarfin gwiwa. In a'a ce, ki faɗa masa tun yanzu, kada ki bari sai da goyo a bayanki. Kai ma ɗana, duk abin da na faɗa ya hau kanka.

Iyaye kuma, don Allah kada ku mayar da fasfon 'ya'yanku tsanin dawo da ɗan dangi. Allah ya haɗa ku da abokan zama nagari, ya sa albarka a gidajenku.

Wassalam.