Darasi na 18: Ƙwallon gora a kan ƙanƙara

A arewacin Turai akwai wata ƙasa da ake kira Finlanda. Sanyinta ya fi na hunturu nesa ba kusa ba. Idan lokacin ya zo, ruwan tafki yakan daskare har mutum ya yi tafiya a kansa. Yaran ƙasar a nan suke wasa.

Wasan da suka fi so shi ne ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Kowane ɓangare yana da mutum shida a fili, ɗaya daga cikinsu mai tsaron gida. Suna sa takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi da gudu. Abin da suke bugawa da sanda ba ƙwallo ba ne sosai. Baƙar roba ce mai tauri, faifai ƙarami da bai kai tafin hannu ba. Ana yin zubi uku, kowane zubi minti 20. Wanda ya yi laifi sai a fitar da shi minti biyu, ƴan uwansa su ji jiki.

Ana yin gasar duniya ta wannan wasa. Finlanda ta daɗe tana shiga, ba ta taɓa ɗaukar kofi ba. A 1992 ta kai wasan ƙarshe, Suwed ta doke ta. A 1994 ta sake kaiwa, Kanada ta doke ta.

A 1995 aka yi gasar a Suwed. Ranar 7 ga Mayu, a birnin Stokolm, maƙwabtan biyu suka sake gamuwa a wasan ƙarshe. Suwed ta mulki Finlanda shekaru aru-aru, saboda haka karon ya yi zafi. Abin mamaki, mai horar da ƴan Finlanda, Curt Lindström, mutumin Suwed ne!

Wani saurayi ɗan shekara 21, Ville Peltonen, ya ci ɗaya. Ya ci na biyu. Ya ƙara na uku. Aka tashi 4 da 1, kofi ya tafi Finlanda. Washegari dubban mutane suka cika titunan Helsinki suna tarbar ƴan wasa. Sai da aka yi shekara 16, a 2011, kafin su sake ɗaukar kofin.

Tambayoyi

1. Mutum nawa ne suke cikin fili idan an fara wasa?
2. Me ya sa karon Finlanda da Suwed ya yi zafi?
3. Ku nemo ƙasashen biyu a taswira.