Gane Asalin Zuma ta Hanyar Nazarin Ƙurar Fure

1.0 Gabatarwa
Mai sayen zuma yakan dogara ne da launi da ƙamshi da ɗanɗano. Sai dai waɗannan alamomi ba sa iya tabbatar da tsiron da ƙudan zuma ya ziyarta. Wannan darasi zai bayyana yadda masana ke gano hakan ta hanyar ƙurar fure.

2.0 Ma'ana
Ƙurar fure ita ce garin nan mai laushi da ɓangaren namiji na fure ke samarwa domin barbara. Yayin da ƙudan zuma ke tsotsar ruwan fure, wannan gari yakan bi shi zuwa amya, ya shiga cikin zuma. Ƙwayarsa tana da ɓawo mai tauri wanda ba ya saurin lalacewa, saboda haka siffarta takan daɗe ba ta sauya ba.

3.0 Siffofin da Ake Dubawa
Masana suna la'akari da abubuwa 4: girman ƙwaya, da fasalinta, da yawan ƙofofi ko tsagogin jikinta, da zanen ɓawonta. Alal misali, ƙwayar dangin ciyawa, irin su gero da dawa da masara, ƙofa ɗaya gare ta. Ta auduga da kuɓewa babba ce mai ƙayoyi da ƙofofi masu yawa. Ta bagaruwa da ɗorawa kuwa a dunƙule take zuwa, ƙwayoyi da dama manne da juna.

4.0 Yadda Ake Binciken
Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Louveaux da Maurizio da Vorwohl suka tsara a 1978. Ana narkar da giram 10 na zuma a ruwan ɗumi, a sa a na'ura mai juyawa da sauri har guggubin ya kwanta. Sannan a shafa shi a kan gilashi, a duba da madubin ƙara girman ƙananan abubuwa, a ƙirga ɗaruruwan ƙwayoyi, ana kwatanta su da na tsirran da aka riga aka sani. Irin da ya wuce kashi 45 cikin 100 shi ne mai rinjaye, kuma galibi da sunansa ake kiran zumar. Daga kashi 16 zuwa 45 shi ne mai bi masa.

5.0 Abin Lura
Yawan ƙwaya ba koyaushe yake nuna yawan ruwan fure ba. Furen lemo ƙurarsa kaɗan ce ke shiga zuma, ko da shi ne tushenta. Ƙurar gero kuwa tana iya shiga, alhali furensa ba ya ba da ruwa. Haka nan, zumar da aka matse tare da saƙarta takan ɗebo ƙurar da ƙudan ya ajiye don abinci, lissafi ya karkace. Wadda aka tace fiye da kima kuma takan rasa shaidarta.

6.0 Kammalawa
Wannan nazari yana kare mai saye daga yaudara, yana kuma ba mai kiwon zuma hujjar neman farashin da ya dace da kayansa. Bugu da ƙari, yana nuna itatuwan da ƙudan zuma ya dogara da su, waɗanda sare su zai rage zuma a yankin.

Auna Fahimta
1. Kawo siffofi 4 da ake gane ƙurar fure da su.
2. Me ya sa ƙurar gero ba ta isa hujjar asalin zuma ba?
3. Tattaro sunayen itatuwa 10 na yankinku da ake ɗora wa amya.